Tambaya da Amsa: Kafin ka tsallaka iyaka da motarka

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato doguwar tafiya a mota zuwa wata ƙasa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, ni da maigidana da yara uku za mu yi tafiyar kwana huɗu a motarmu, za mu ƙetare iyaka biyu. Tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini. Tsorona kada a tsare mu a iyaka da yara saboda wata takarda. Me za mu tanada?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Wanda ya fara tambaya tun yana gida ba shi ne yake kwana a bakin iyaka ba. Ki raba takardun gida biyu, na mutane da na mota.

Na mutane, kowa da fasfonsa, har yaran. Ki duba ranar ƙarewa, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6. Ki tambayi ofishin jakadanci batun biza, har na ƙasar da ratsawa kawai za ku yi, don ita aka fi mantawa da ita. Idan hanyarku ta bi inda ake neman shaidar rigakafin cutar shawara, ku je a yi muku allurar tun yanzu, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Wanda aka taɓa yi wa ba sai ya sake ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Na mota kuwa, maigida ya ɗauki takardar mallaka ya tsaya gaban motar ya gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren harafi guda ya isa ya zaunar da ku wuni. In motar ba da sunansa take ba, sai da takardar izini daga mai ita. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa fassarar na gida ne kawai, ba ya aiki shi kaɗai, saboda haka a tafi da duka biyun. Iri biyu ne suka fi yawo, na yarjejeniyar 1949 da na 1968, ku bincika wanda ƙasar take karɓa. Inshorar gida kuma sau da yawa a iyaka take tsayawa. Shi ya sa ƙasashen ECOWAS suke da katin inshora mai ruwan ƙasa, na COMESA (ƙungiyar kasuwancin gabashi da kudancin Afirka) suke da mai ruwan ɗorawa, Turai take da kore. Sai kwastan: a wurinsu mota kaya ce mai daraja, za su ba ku izinin shiga na wucin gadi, wasu ƙasashen kuma sai da littafin da ake kira karne. Ki sa ido da kanki a buga hatimin fita, in ba haka ba a rubuce motar tana cikin ƙasar, kamar kun sayar da ita. Ki ɗauki hoton komai a waya, ki kuma ajiye kwafi a wata jaka daban. Allah ya kai ku lafiya.

Tambaya: Zan yi tafiyar kilomita 2,000. Na riga na sa sabbin sifiku da fitilu masu haske, kuɗina sun ja baya. An nuna mini tayoyi na hannu, zanensu kamar sabo, a rabin kuɗi. In saya?

Amsa: Ɗana, ka sayi kiɗa da haske, sai da aka zo kan abin da yake riƙe da ranka ka tuna da tattali? Duk nauyin motar nan, da kai da kayanka, a kan wuri huɗu yake zaune, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Nan ne ka ga ya dace a nemi arha.

Zane ba shi ne shekarun taya ba. Roba tana tsufa ko ba a taɓa hawanta ba, ta bushe, ta tsattsage daga ciki inda ido ba ya gani. Duƙa ka duba gefen tayar, za ka ga rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta haura shekara 6 abar tuhuma ce, wadda ta kai 10 kuwa masu ƙera ta ma cewa suke a cire. In ka tarar an goge lambar ko an kankare, ka san akwai dalili, ba sai ka tambaya ba. Zurfin zane kuma, dokar ƙasashe da yawa milimita 1.6 ce mafi ƙaranci, amma wanda zai yi doguwar tafiya bai kamata ya kusanci wannan ba.

Ni ma na taɓa cin wannan arhar. Wani mai taya ya rantse mini da duk abin da ake rantsuwa da shi cewa tayar ba ta yi wata uku a kan titi ba. Ashe ta cinye ne aka sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi. A gari ta yi ta tafiya lafiya lau. Ranar da ta sha awa biyar a kan kwalta mai zafi, da kaya a baya, sai ta fashe, kuma Allah ne ya sa ba kowa a ɗaya hannun. Abin da mutane ba sa ganewa ke nan game da jabu: a gajeriyar tafiya ba ya nuna halinsa. Sai ka yi nisa da bakanikenka, a ƙasar da ba ka jin yarensu.

Kuma ba taya kaɗai ba. Akwai baƙin mai da ake ɗurawa a galan ɗin kamfani a liƙe murfi kamar sabo. Akwai kayan birki da suke kamawa da safe, su saki a gangara in sun ɗau zafi. Akwai man birki da ba a san me aka haɗa a ciki ba, alhali ko na gaskiyar yana shan ruwa a hankali, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Mafi ciwo a wurina ita ce takardar jabu. 'Yan cuwa-cuwa za su tare ka kusa da iyaka su ce za su yi maka inshora ko katin rigakafi cikin minti goma. Wataƙila ta wuce da kai shingen farko. Amma ranar da ka bugi motar wani a ƙasar mutane, aka buga waya aka ce ba a san lambar ba, kai ne za ka biya daga aljihunka, bayan ka kwana a hannun 'yan sanda. Katin rigakafin da ba allura kuwa, jami'i ka yaudara, sauro ba ya karatu.

Ka ciro sifikun nan ka sayar, ka sayi tayoyi sabbi a wurin dillalin da zai ba ka rasit, ka haɗa da safaya. Ka kai motar gareji aƙalla mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in gyaran ya bar wata matsala ta fito tun kana gida.

Tambaya: Idan na yi ta tuƙi da dare, ba zan huta da biyan kuɗin masauki ba?

Amsa: Za ka huta, wataƙila har abada. Hanyar da ba ka sani ba, ramin da ba ka gani ba, babbar motar da ta mutu a tsakiyar titi ba fitila, ga barci. Kuma iyakoki da yawa ba sa aiki da dare, sai ka je ka kwana a bakin ƙofa. Ka tashi da asuba, ka tsaya minti 15 duk bayan awa biyu, ka sauka kafin rana ta faɗi. Ka kuma bincika hannun da ake tuƙi, don wanda ya fito daga Habasha ya shiga Kenya dole ya koma hannun hagu.

Tambaya: Ina tsoron mai ya yanke mini a daji. In cika jarkoki in sa a bayan kujera?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, dabarar ce ba ta yi ba. Fetur a jarkar roba cikin mota, ga zafi ga tururi, haɗari ne babba, kuma kwastan na iya ɗaukarsa a matsayin fasa-ƙwauri. Ki sauke taswirar hanyar a waya tun kina da intanet, ki yi alama a garuruwan da suke da gidan mai, kada ki bari tanki ya sauka ƙasa da rabi. In akwai tsakanin da dole sai da guzuri, jarkar ƙarfe ɗaya da aka yi don fetur, a ɗaure a waje, bayan kin tabbata dokar ƙasar ta yarda.