Amsoshin Tambayoyinku: Neman Gurbin Karatun Mataimakin Likita a Amurka

Tambaya: Ina zaune a Bronx, a birnin New York, na gama digiri a fannin nazarin halittu, amma makina na shekarar farko ya yi ƙasa saboda jinyar mahaifiyata. Ina son karatun PA, wato mataimakin likita, tunanin abin har barci yake hana ni. Da sauran dama kuwa?

Amsa: Da saura, 'yata, kwantar da hankalinki, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Gaskiya ne CASPA, shafin da yawancin makarantun ke karɓar takardu ta cikinsa, yana lissafa kowane maki, har na darasin da kika maimaita. Amma masu tantancewa suna duba ko kin farfaɗo daga baya. Ki sake ɗaukar darussan sassan jiki, aikin gaɓoɓi da ƙwayoyin cuta, ki ci su da kyau. Sannan ki nemi aikin da hannunki zai taɓa majinyaci: ɗibar jini, motar asibiti, ko taimaka wa nas a gidan kula da tsofaffi. Makarantu da dama suna neman awa 500 zuwa 2,000 na irin wannan aikin. Ana buɗe shafin a ƙarshen Afrilu, kuma da yawa suna cika gurabensu tun kafin wa'adi ya ƙare, don haka kada ki kai watan Satumba kina shiri.

Tambaya: Na yi karatun mataimakin likita a Ghana. Zan iya aiki da takardata a Amurka?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Jarrabawar PANCE, wadda sai an ci ta ake samun lasisin aikin PA, sai wanda ya fito daga makarantar da hukumar ARC-PA, mai tantance makarantun PA a Amurka, ta amince da ita. Ko cikakken likita ne ya zo daga waje, sai ya zauna ya yi karatun, wajen wata 27. Ka fara da kai takardunka WES, cibiyar da ke auna takardun karatun ƙasashen waje, a tantance.

Tambaya: Wani a Facebook ya ce in na biya shi zai rubuta mini bayanin kaina da ake haɗawa da takardun neman gurbi, ya kuma samo mini takardar shaidar awa 2,000 daga wani asibiti. In biya?

Amsa: Kada ka ba shi ko sisi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na ga yadda yaranmu ke kwana suna tuƙin Uber, su tara kuɗi da guminsu, su miƙa wa ɗan damfara. A fom ɗin CASPA za ka rubuta sunan wurin aikin da na shugabanka, kuma makaranta tana iya buga waya ta tambaya. In ƙarya ta fito, gurbin ya tafi, sunanka ya ɓaci, ko an riga an ɗauke ka ana iya korar ka.

Bar ma batun kamawa. Ranar ganawa malami zai dube ka ya ce, ba mu labarin majinyacin da ka kasa mantawa da shi. Wanda ya taɓa juya tsoho a gado da ƙarfe 3 na dare, ya canja masa zanin da ya jiƙe, ya riƙe hannunsa har ya daina rawar sanyi, ba ya neman amsa, tana bakinsa. Mai takardar saye sai zare ido. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi kuwa bayanin kai haruffa 5,000 ne kacal, bai kai shafi 2 ba. In ba ka iya faɗin dalilinka na son aikin a cikinsu, me za ka faɗa wa mara lafiya gobe? Rubuta da kanka, ka ba wani PA da ka bi a wurin aiki ya duba maka, shi ne ma zai rubuta maka ɗaya daga cikin wasiƙun shaida 3 da aka fi nema. Kuɗin nan ka adana, kowace makaranta ka ƙara a CASPA sai ka ƙara biya, ga tikitin jirgi da masauki in an kira ka ganawa.

Tambaya: Wane abin sauraron ƙirji zan saya in rataya ranar ganawa, Littmann ko mai araha?

Amsa: Haba malam! Ba a ɗauke ka ba tukuna. Ka goge kwat ɗinka, ka isa wurin da wuri, wuyanka ba komai.