Filin Kalmomi: zaren nano da masu kiran kaɗi saƙa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, gidanmu yana Aboabo. Ana koya mana yadda ake yin wani zare mai tsananin siranta da wutar lantarki, ana ce masa zaren nano. Na gaya wa kakata cewa saƙa shi muke yi, ta yi dariya ta ce Hausata ta lalace. Ina laifina?

Amsa: Ɗana, kakarka ta fi ka gaskiya, ka koma ka gaishe ta. Na kuma ji daɗi da ka rubuta "ta yi dariya", domin yawancin wasiƙun da ke zuwa mini daga zangunanmu na Kumasi kakarsu "ya" ce, uwarsu ma "ya" ce.

Ba a saƙa zare, kaɗa shi ake yi. Kafin auduga ta zama tufa sai an gurje ta an fid da angurya, an shiɓe ta, sannan mace ta zauna da mazari da taskira, da ɗan alli a yatsa, tana murzawa tana ja. Wannan shi ne kaɗi. Masaƙi yana can yana jira. Sai zare ya samu zai yi wadari, ya zauna yana jefa ƙoshiya. Je ka Bonwire ka dubi masu kente, za ka tarar zaren sayo shi suke yi, aikinsu haɗa na tsaye da na kwance.

To, me kuke yi a ɗakin gwajinku? Kuna narkar da folima, wato sinadari dangin roba, ku zuba a sirinji, ku haɗa allurar da wuta mai ƙarfi, galibi bolt 10,000 zuwa 30,000, ku ajiye faifan ƙarfe a gabanta, tazarar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Ɗigon da ke bakin allura ya ɗauki caji ya tsuke ya yi tsini. Daga tsinin sai wani siririn ruwa ya fita da gudu yana wulwulawa cikin iska, yana miƙewa yana ƙara sirancewa, ruwan narkin ya bushe a hanya, abin da zai sauka kan faifan busasshen zare ne. Dole narkin ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. In ya cika ruwa feshi kawai za ku samu, in ya cika kauri ya toshe allurar. A ja abu a miƙar da shi har ya zama zare, ai ko makaho ya shafa ya san kaɗi ne. Hatta farin shimfiɗin da ke taruwa a kan faifan ba saƙa ba ne, tunda zaruruwan hawa juna suke yi barkatai, babu na tsaye babu na kwance. Ni dai "kaɗin lantarki" nake ce masa, kuma har yau ba wanda ya kawo mini abin da ya fi shi.

Kada ka zaci sabon abu ne. Wani Bajamushe, Anton Formhals, ya yi rajistar dabarar a 1934. Baturen Ingila Geoffrey Taylor ya yi bayanin tsinin nan a 1964, shi ya sa har yanzu da sunansa ake kiransa. Sai a shekarun 1990 Darrell Reneker na jami'ar Akron a Amurka ya farfaɗo da aikin, kowa ya ruga. Matsalar allura ɗaya jinkiri, sau da yawa ko giram ɗaya ba ta bayarwa a awa. A farkon shekarun 2000 masana a jami'ar Liberec ta ƙasar Cek suka ƙera injin da ba allura, wanda ke fitar da zaruruwa masu yawa lokaci guda, suka raɗa masa suna Nanospider, wato da gizo-gizo suka kwatanta shi.

Abin da ke ba ni takaici, Bahaushe ya daɗe yana rarrabe zare da kaurinsa. Mai kauri sako-sako abawa ne, siriri mai kyau arafiya, ga kuma tsamiya da ake samu daga gidan wata tsutsa ana ɗinkin manyan riguna da ita. Yau ka tsayar da samari a Alabar ka tambaye su abawa, sai su yi zaton sunan wata yarinya ce. Kai da ke nazarin zare, ka zauna da kakarka da takarda da alƙalami tun tana da ƙarfin ba ka labari.

Tambaya: Malam, shi wannan "nano" yana da dangantaka da nono?

Amsa: Ko kaɗan. Daga Girkanci ne, ma'anarsa wada. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai yana kai nanomita 80,000 ko kusa, shi kuwa wannan zare bai cika kai 1,000 ba.

Tambaya: Baba Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune Asawase. Marasa lafiya sukan ce rauni, su ce miki, su ce gyambo. Duk ɗaya ne? Kuma na ji an ce za a riƙa ɗaure su da wannan zare.

Amsa: 'Yata, ba ɗaya ba ne, kuma mai aiki irin naki ya kamata ya kiyaye. Rauni shi ne abin da wuƙa ko faɗuwa ko hatsarin mota ya yi wa jiki. Miki buɗaɗɗen ciwo ne da ke ruwa, ko daga rauni ya taso ko daga ƙurji. Gyambo kuwa mikin da ya ƙi warkewa ne, ya zauna wata da watanni yana cin nama, galibi a ƙafa. Wanda ya yanke da reza da safe ya zo yana cewa yana da gyambo, ki ba shi filasta ki sallame shi.

Akwai kalma ta huɗu da ba ki tambaya ba, fami, wato a taɓa ciwon da ya fara warkewa a tayar da shi. Kin fi ni sanin yadda bandeji ke manne wa miki, ranar wanki a ɓamɓare shi ya taho da sabon naman da ya fara tsirowa, mara lafiya yana cije leɓe. Wannan na cikin abin da masu zaren nano ke son magancewa. Ƙofofin shimfiɗin ƙanana ne ƙwarai, iska da laima suna wucewa amma ƙwayoyin bakteriya suna shan wahalar kutsawa. Ana iya cuɗa magani cikin narkin tun kafin kaɗi, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ɓurɓushin azurfa, ya riƙa fita sannu a hankali. Wasu folimomin kuma jiki ne ke narkar da su da kansa, ba sai an cire ba. Tsarin zaruruwan ya yi kusa da na kolajin da ke riƙe naman jikinmu, don haka ƙwayoyin halitta kan kama shi su yaɗu, har ana gwada shi wajen gyaran fata da jijiyar jini da ƙashi. Na ce gwadawa, domin mafi yawan wannan aiki yana ɗakunan bincike tukuna, kaɗan ne ya isa kasuwa.

Tunda muna ƙasar Asante, ki ja kunnen mutanenmu game da gyambon Buruli da aka sani a yankin Amansie. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, maganinsa rifamfisin da kilaritiromaisin na mako 8. Ɗauri komai kyansa ba ya maye gurbin wannan.

Tambaya: Akaramakallahu, an ce da jelatin ake yin wani zaren. Ya halatta?

Amsa: Alhaji, jelatin ana samunsa daga fatar alade, ko fata da ƙashin shanu, ko kifi. Akwai kuma zaren da ake yi da kitosan na ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da wanda ba dabba cikinsa sam. Hukunci kuwa na malaman fiƙihu ne, ni kalmomi nake kiwo.

Tambaya: Malam, me ya sa ake ce wa abin rufe hanci takunkumi? Ni kunyar kalmar nake ji.

Amsa: Hajiya, da gaskiyarki, asalinsa na dabba ne, abin da ake sa wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya yi cizo ko ya ci amfanin gona. Daga nan aka ce an sa wa ƙasa takunkumi. Da korona ta zo a 2020 gidajen rediyo suka ɗora shi kan mutane, ya kuma zauna. Ya fi mini "nosmas" da nake ji a kasuwar Kejetia. Wasu takunkuman ana sa musu shafi ɗaya na zaren nano don tare ƙurar da ido ba ya gani, irin ta hazon hunturu da faɗinta bai wuce nanomita 2,500 ba, wadda ke shiga can cikin huhu. Tacewa ita ce tsohuwar sana'ar wannan zare. Tun ƙarshen shekarun 1930 Igor Petryanov da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyet suka yi matatar numfashi da shi, yau kuma yana cikin matatun iskar manyan injuna, ana kuma nazarinsa wajen tace ruwa da raba sassan batir.

Tambaya: Ni ɗan Nima ne a Ankara, babban birnin Gana, zan yi jawabi kan amfanin zaren nano. In sa masa take "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido"?

Amsa: Ƙanena, kada ka soma. Wannan karin magana gargaɗi ne kan cutar da ƙaramin abu ke yi, ba a yabo da shi. Mutane sun ɗauki ɗabi'ar cafko duk karin maganar da ta ambaci ƙanƙanta su liƙa ta inda suka ga dama. In za ka yi magana kan haɗarinsa, to ta dace, domin wasu ruwayen narkin, irin su kulorofom, guba ne ga mai shaƙarsu, shi ya sa ake yin kaɗin cikin akwati mai zuƙe iska, ga kuma wutar da ba a wasa da ita. Wasu sukan ce "tsole", wasu "tsone", duka ana ji, ka ɗauki wadda bakinka ya saba da ita.