Zaiba a ruwa da jikin mutum: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, na ji an ce akwai gwajin da ruwa ke canza launi in da zaiba a ciki. Gaskiya ne? Galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage da ake yi da zaiba a nan Ghana, ya hana ni sakin jiki da ruwan famfonmu. (Wani malamin makaranta, Asawase)

Gaskiya ne, Malam. Ana yin sa da ƙwayoyin zinariya 'yan mitsi-mitsi, masu faɗin kamar nanomita 10 zuwa 20. In ka raba milimita gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Muddin suna warwatse a ruwa, ja ne launinsu kamar zoɓo. Akan lulluɓe su da sinadarin da zaiba ke kamawa. Da ta shigo sai su dunƙule, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi cikin 'yan mintoci, har kyamarar waya na iya auna yadda launin ya sauya.

Abin yana burge ni, domin zai kai gwaji har bakin kogin Offin, inda madatsar Barekese mai ba Kumasi ruwan famfo take. Sai dai yawancinsa yana hannun masu bincike tukuna, kuma gishiri ko wasu ƙarafa kan ruɗe shi. Iyakar zaiba a ruwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 6 a lita guda (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma sai na'urar ɗakin gwaji ke tabbatar da wannan. A ganina ma kifi ya fi ruwan famfo abin damuwa: zaiba kan kwanta a laka, ƙwayoyin bakteriya su mai da ita mai tsananin guba, ta taru a jikin kifi. Haka ta faru a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956.

Ɗana yana aikin zinariya a wajejen Obuasi. Yanzu hannunsa na rawa, ga mantuwa da saurin fushi. (Wata uwa, Aboabo)

Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Tambaye shi ko shi ke ƙona curin zaiba da aka haɗa da zinariya don zinariyar ta fito. Tururin ba shi da wari, amma huhu na tsotse kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da aka shaƙa, ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ya dakatar da ƙonawar yau, musamman a ɗakin da yara ke kwana. Ku kai shi Asibitin Komfo Anokye, ku faɗi sana'arsa ba ɓoye-ɓoye. Fitsari ake aunawa ga mai shaƙar tururi. Ga mai yawan cin kifi kuwa, jini ko gashi. Gwajin launi bai isa a yanke hukunci a kan mutum ba. Kada a tsaya ga rubutu da tofi kaɗai, Hajiya, a haɗa da asibiti.

Ina da juna biyu. In na tafasa ruwa, zaibar za ta fita? (Wata 'yar kasuwa, Sabon Zango)

A'a, 'yar'uwa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta raba ruwa da zaiba. Kada ki daina cin kifi, amma ki fi son ƙanana, ki guji na kogunan galamse. Man bilicin ma ki ajiye shi, wasu na ɗauke da zaiba, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.