Leshi Ya Canza Launi Da Aka Fita Rana: Dole Ne Mai Shago Ya Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da ɗan shago a Kantin Kwari, can ciki inda rana ba ta leƙowa, sai fararen ƙwayayen LED da muke kunnawa tun safe. Wata Hajiya ta zo da ƙyallen ankon bikin 'yar ƙanwarta, ruwan hanta. Muka kara shi da wani leshi, ni da ita muka ga iri ɗaya ne, ta ce in dai shi ne a yanka mata yadi goma. Washegari ta dawo, wai da ta shimfiɗa a tsakar gida sai leshin ya fi ƙyallen ja nesa ba kusa ba. Ni ban ɓoye mata komai ba. Dole ne in mayar mata da kuɗinta? Kuma fitilar nan tamu akwai laifi a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kai ba ka yi ƙarya ba, ita ma Hajiya ba ta yi ba. Sai mun fahimci yadda haka ta yiwu kafin mu zo ga hukunci, domin malamanmu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin.

Mutane da yawa sun ɗauka launi a jikin yadi yake zaune daram. Ba haka ba ne. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa muna gani ne saboda haske yana tasowa daga abu ya shiga ido. A 1666 kuma Newton ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, farin ya watse ya zama launukan bakan gizo. Ashe abin da muke ce wa fari gauraye ne. Kowane launi da tsawon zangonsa, daga kusan nanomita 400 a ɓangaren shuɗi mai duhu zuwa kusan 700 a ɓangaren ja. Nanomita kuwa, milimita ɗaya ce a raba gida miliyan.

Aikin rini shi ne ya shanye wasu daga cikin waɗannan, ya maido wa ido sauran. Babar da ake rini da ita a karofin Ƙofar Mata tana shanye ɓangaren ruwan goro da ja, shi ya sa shuɗi ke dawo mana. To yadi ba zai maido abin da ba a ba shi ba. Yawancin farin ƙwan LED asalinsa shuɗin haske ne da ke bi ta wani shafi mai ruwan ɗorawa, ido ya haɗa su ya ga fari, kuma masu arahar ciki jan da ke cikinsu kaɗan ne. Ido shi ma nau'i uku kacal na ƙwayoyin tantance launi gare shi. Saboda haka rini biyu da bambancinsu yake ta wajen ja, a ƙarƙashin ƙwanka sai su zama tagwaye. Rana da ke ɗauke da jan a cike ta fito, ta raba su. Abin da ya faru a tsakar gidan Hajiya ke nan.

Fitilar ita kanta halal ce, ba a zunubi don an haskaka shago. Niyya da abin da aka sani su ne ke sauya hukunci. Wanda ya zaɓi ƙwai takanas don ya ɓoye koɗewar kaya, ko mai nama da ya rataya jan haske don naman jiya ya yi kamar na yanzu, wannan algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Ni abin da ke burge ni, Risalar da muka karanta a zaure muna yara ta taɓo wannan tun kafin a san lantarki. Ibnu Abi Zaid ya ce bai halatta a sayi tufa ba tare da an warware ta ko an siffanta ta ba, ko cikin dare mai duhu da ba za a iya duba ta a san abin da ke cikinta ba. Shagonka ba duhu ba ne, don haka cinikin bai ɓaci ba. Amma ka lura da dalilin: ana son mai saye ya ga kaya yadda suke. A babin ya kuma hana mai sayarwa ɓoye abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan. Jiya ba ka san ƙwanka yana rage ja ba, ba ka da laifi. Yau ka sani.

Game da kuɗin: da Hajiya ta shigo ne kawai ta ga leshi ya yi mata ta saya, daga baya ta ce ba haka ta zata ba, da ba dole a kanka, sai dai kyautatawa, kuma an yi wa mai karɓar kayan wanda ya yi nadama albishir da yafiyar Allah a hadisin Abu Dawud. Amma da ƙyalle ta zo, ta ce in dai shi ne. Wannan sharaɗi ne, kuma manufarsa sananniya ce, kar ta fita daban cikin 'yan anko. Al'adar mutane a kan launin tufa da hasken rana ake aunawa, shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ke cewa a fito da shi bakin ƙofa a gani. Siffar da aka sharɗanta ba ta samu ba, don haka tana da zaɓi: ta riƙe yadda yake, ko ta maido ta karɓi kuɗinta. Yankan da ka yi daga bandir da hannunka bai kore mata wannan ba.

In kuwa har tela ya sa masa almakashi, to ko ta riƙe ka rage mata gwargwadon bambancin, ko ta maido ta biya abin da yankan ya rage wa ƙimarsa. Ku sa wani dattijon layinku da ya san farashi ya ƙiyasta muku.

Daga yau duk wanda ya zo da ƙyalle, ka riƙo yadin ku taka zuwa inda rana take kafin a yanka. Wanda kuma ya zaɓa ta hoton WhatsApp, ka gaya masa fuskar waya ja da kore da shuɗi take haɗawa ta kwaikwayi launi, ku yi sharaɗin zai iya maidowa in ya ga saɓani.

Wallahu a'alam.