Tambayoyinku: gem ɗin Windows zai yi a Linux, MacBook ko waya?

Wannan makon tambayoyin duk sun karkata waje ɗaya ne, mutum yana da gem ɗin da aka yi wa Windows amma na'urarsa wani tsarin take ɗauke da shi, ko yana shirin siyan wadda ba Windows a kanta. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, laftof ɗina Dell ce ta hannu, Core i7 ƙarni na bakwai, ram 16, da katin girafik GTX 1050 Ti. Windows 11 ta ƙi hawa, kuma an ce Windows 10 an daina mata afdet. Abokina ya ce in koma Linux wai duk gem yana yi yanzu. Ni GTA V da FC 24 nake bugawa. In koma?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya amma rabi ya faɗa maka. Eh, Microsoft ta tsayar da afdet na yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wata ƙwayar tsaro a cikin kwamfuta) da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, shi ya sa taka ta ƙi, duk da cewa injinka lafiyayye ne ba abin da ya same shi.

Yanda abin yake a Linux kuwa, wato wani tsarin kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, akwai wata manhaja da ake kira Wine, tun 1993 ake aikinta, aikin tafinta take yi, gem ya yi magana da yaren Windows ita kuma ta juya wa Linux nan take. Da can wahala ce zalla, sai ka kwana kana gyare-gyare kafin abu ya buɗe. A 2018 sai kamfanin Valve, masu Steam (manhajar da ake siyan gem a sauke), suka haɗa kai da CodeWeavers suka fito da Proton, wato Wine ɗin ce aka ƙara mata kayan aiki irin su DXVK mai juya DirectX, yaren girafik na Windows, zuwa Vulkan wanda Linux ke ji. Da suka fito da Steam Deck a 2022, ƙaramar na'urar gem da ake riƙewa a hannu, wanda shi ma Linux ne a cikinsa, sai ya zama dole su sa abin ya yi aiki sosai tunda kuɗinsu na ciki. Yanzu kam sai ka saka Steam a Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ka danna gem ya tashi kamar ba komai, dubban gem haka suke.

To ina matsalar? Masu gadin maguɗi. Gem ɗin da ake bugawa da mutane a intanet suna zuwa da manhajar hana cuta da take shiga can cikin ƙashin Windows, wannan kuma tafinta ba ya iya mata komai in dai kamfanin bai yarda ba. FC 24 ɗinka yana cikinsu, tun FIFA 23, kafin a canza wa gem ɗin suna zuwa FC, kamfaninsa EA ya saka nasa mai gadin kuma ba ya tashi a Linux, ko kai kaɗai za ka buga da kwamfuta. Haka Valorant, haka Fortnite, haka PUBG na kwamfuta da sababbin Call of Duty. GTA V kuwa ɓangaren labarin da kake bugawa kai kaɗai yana yi lafiya lau, amma GTA Online tun Satumba 2024 da aka saka masa mai gadi BattlEye ƴan Linux suka koma kallo. Kaga kenan abu yana iya yi yau, gobe afdet ɗaya ya rufe ƙofa, haka aka yi wa masu Apex Legends a ƙarshen 2024.

Shawarata kar ka goge Windows. Raba hard disk ɗin biyu, ko in akwai gurbi ka siyo SSD ta biyu ka ɗora Linux Mint a kanta, karatu da harkar banki da yawon intanet ka yi su a can, ƙwallo kuma ka dawo Windows. Abu biyu ka kiyaye: ka shiga Driver Manager ka saka direban Nvidia na asali, in ba haka ba gem zai riƙa jan ƙafa ka ce Linux ce ba ta da kyau. Sannan gem ɗin da za ka buga a Linux ka ajiye shi a ɓangaren Linux, kar ka ce za ka ci bulus daga ɓangaren Windows mai NTFS (tsarin ajiyar fayil na Windows), yana jawo ciwon kai. Kafin ka sauke komai leƙa shafin ProtonDB a intanet ka rubuta sunan gem, mutane ne suke ba da rahoto, Platinum da Gold ka shiga da ƙarfinka, Borked kar ka ɓata datarka. Maganar data ma, Steam yana yawan sauke wasu fayilolin girafik da ake kira shader a Linux, in da ɗan gigabait ɗinka kake lallaɓawa ka je saitin ka kashe.

Tambaya: Ina aikin zane da haɗa bidiyo, ina so in sayi MacBook Air M1. Ƙanena ya dame ni wai in tabbatar za ta yi gem. Mai shago ya ce ana saka mata Windows. Gaskiya ne?

Hajiya, mai shagon ko dai tsohon labari yake ba ki ko yana so ya rabu da kayansa. Tsofaffin Mac masu Intel su ne suke da Boot Camp, da shi ake ɗora Windows sosai a gefe ta yi aiki kamar kowace laftof. Daga Nuwamba 2020 da Apple ta koma nata injin M1, Boot Camp ya tafi. Cikin abin da ya rage akwai Parallels, wanda yake buɗe Windows 11 ta ARM, wato wadda aka yi wa inji irin na M1, a cikin taga, na kuɗi ne, kuma yana cin ram, a kan Air mai ram 8 ki manta da manyan gem. Sai CrossOver na CodeWeavers, shi ma Wine ne a ciki, shi ma na kuɗi amma suna ba da gwajin kwana 14, kuma gaskiya ya fi Parallels a harkar gem musamman tun da Apple ta fito da Game Porting Toolkit a 2023. Amma matsalar masu gadin nan da na faɗa a sama tana nan daram, FC da Valorant ba za su yi ba. Ga kuma Air ba ta da fanka, in ta ɗau zafi rage gudu take yi, ki haɗa da zafin watan Afrilu a ɗakin da ba wuta. Akwai ma wani abin haushi, tun macOS Catalina na 2019 tsofaffin gem masu 32-bit da aka yi wa Mac ɗin kanta sun daina buɗewa.

Don aikinki M1 zaɓi ne mai kyau, batirinta na daɗewa, ki saya abinki. Ƙanenki kuma ya tara kuɗin PS4 ta hannu, zai fi samun abin da yake so, ke ma kin huta da ɗaukar miki laftof ana aiki.

Tambaya: Na ga bidiyo ana buga gem ɗin kwamfuta a wayar Android da Winlator. Wace waya zan saya?

Abin gaskiya ne ba haɗi ba. Winlator tana haɗa Wine da Box64, wato juyi biyu ake yi, na Windows da kuma na injin kwamfuta zuwa injin waya, shi ya sa take shan ƙarfi haka. Ta fi jituwa da wayoyi masu Snapdragon saboda direbobin Turnip da aka yi wa Adreno, girafik ɗin da ke cikin Snapdragon, yawancin wayoyin da muke riƙewa kuwa masu MediaTek ne ko Unisoc, a kansu sai a hankali. Tsofaffin gem na shekarun 2000 suna yi, manya kuma masu bidiyon nan da waya mai tsadar gaske suke nunawa, ba sa nuna maka yanda take zafi da yanda caji ke zubewa. In kana da wayar ka gwada, kyauta ce. Amma ka ɗau kuɗi ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano takanas don wannan, a'a, kuɗin ya ishe ka laftof ta hannu a Beirut Road da za ta buga su ba tare da wani dabo ba.

Tambaya: Zan buɗe gidan gem da kwamfuta shida, in sa musu Linux in huta da kuɗin lasisi?

Alhaji kar ka fara. Yaran da za su zo maka ƙwallo za su nema, sai harbe-harbe na intanet, su ne daidai waɗanda ba sa yi. In da Dota 2 ko Counter-Strike 2 ne kasuwarka da na ce bismillah, don su Valve ta yi musu na Linux kai tsaye ba sai da Proton ba, amma ka zagaya gidajen gem na unguwarku ka ga nawa ne suke buga su. Ka sa Windows mai lasisi, ko ma ka rage kwamfutocin zuwa biyu sauran kuɗin ka zuba a PlayStation da hannaye masu ƙwari da inbata, don hannun gem shi ne abin da zai fi cin kuɗinka a wata ukun farko.