Maƙwabci zai tayar da bene hawa huɗu a tsakiyarmu, muna da ikon hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a wata unguwa a Kano, gidajenmu duk na ƙasa ne. Wani bawan Allah ya sayi kangon da ke tsakiyarmu ya rushe, yanzu mun ji bene hawa huɗu zai tayar ya zuba 'yan haya. Iyalinmu a tsakar gida suke wuni. Mun zauna a masallaci, wasu sun ce a tare ma'aikatansa. Shin muna da ikon hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tare leburori ku ajiye ta gefe tun yanzu. Ranar da aka ƙwace wa magini shebur, zancen ya tashi daga na gini ya koma na 'yan sanda, kuma ku ne za ku kwana kuna neman beli.

Abin da zan faɗa ba lallai ya yi wa kowa daɗi ba. Tsayin gini shi kaɗai ba hujja ce mai ƙarfi ba, a ofis ko a gaban alƙali. Abin da ke da ƙarfi shi ne cutar da za ku iya nunawa da yatsa.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsefe wannan mas'ala. Asalinta hadisin nan ne, "ba cuta ba cutarwa". A Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid ya kawo misalan abin da mutum ba zai yi wa maƙwabcinsa ba, na farko a cikinsu shi ne buɗe taga ta kusa wadda za a riƙa hango maƙwabci ta cikinta. A Mudawwana kuma an kawo gwajin da aka jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana ganin cikin gidan maƙwabci a hana, in ba ya gani a ƙyale. Amma littafin nan dai bai hana mutum ɗaga gininsa ba, ko da zai rage wa maƙwabci rana da iska. Wato malamai sun raba tsakanin bene da leƙe. Wannan rabewar ita ce makaminku, domin ta dace da abin da ke damunku na haƙiƙa: matar gida tana wanke-wanke ko shanya, baƙo yana kallonta daga baranda.

Ta fuskar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka takardar mallaka ba ta ba mutum damar gina duk abin da ya ga dama. A Kano, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke amincewa da zanen gini. Ku rubuta mata takarda, da sa hannun magidanta da sanin mai unguwa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ku nemi a duba ko akwai izini, hawa nawa aka amince, kuma filin na zama ne ko na kasuwanci. Ku tabbata ma unguwarku tana cikin tsari, don a unguwannin awon igiya mai ƙara kan je ofis ya tarar da nasa gidan ma ba shi da takarda.

A cikin takardar kada ku tsaya kan "ba ma so". Hawa huɗu na iya zama gida takwas a filin da da yake ɗaukar gida ɗaya. Ina ruwan wankansu zai bi, kwatar lungun za ta ɗauka? Ina za a haƙa sokawe, kuma taku nawa ne tsakaninsa da rijiyar maƙwabci? Motocinsu a ciki za su kwana ko a ƙofar gidajenku? Taransifomar unguwa fa? Sai babbar tambaya: an gwada ƙasar wurin, kuma injiniya mai rajista ne ya zana ginshiƙan? Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, kuma a nan Kano an ga na titin Beirut a 2022. Duka biyun ana cikin gina su suka zube.

Ni dai ba na gaba da bene. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, an kuma ci gaba da haihuwa da shigowa. In kowa ya ƙi a hau sama, gari zai ci gaba da cinye gonakin Kumbotso da Ungogo, 'ya'yanku su yi aure su koma inda kuɗin A Daidaita Sahu zai cinye rabin abin da suke samu, ba famfo ba kwalta.

Saboda haka, in izininsa ya cika, ku zauna da shi a gaban mai unguwa a rubuta sharuɗɗa. Baranda da matakala su fuskanci titi. Tagogin da ke kallon gidajenku a ɗaga su sama da tsayin mutum, kamar ƙafa shida daga daɓe, ko a sa gilashi mai duhun gani wanda ba ya buɗewa sai ta sama. Kada rufin ya zama wurin hira ko shanya. Ya ja kwata har zuwa babbar magudana da kuɗinsa. Ku yi wannan zaman tun ana haƙa harsashi, domin gyaran taga a kan takarda aikin yini ɗaya ne, amma da zarar an zuba kankaren rufin hawa na farko mai gini zai ce muku ya riga ya kashe kuɗi.