Ƙafar Inna ta kumbura a Argungu, ejan na neman takarduna

Wata 'yar uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto. Ƙafar mahaifiyarta ta hagu ta shekara shida tana kumbura a Argungu, lokaci-lokaci zazzaɓi ya kwantar da ita, kaluluwa ta fito mata. Yayanta da kawunsu sun samo wani ejan da ya ce sai an kai Inna Ingila an yi mata hoton jijiya. Zai haɗo wasiƙar asibiti, a nemi bizar ziyara, in ta sauka a wuce da ita sashen gaggawa a yi komai kyauta. Yana neman miliyan uku da takardun albashinta da bayanin banki. Da ta yi jinkiri, Yaya ya ce: "Kina wanke tsofaffin Turawa, uwarki na jan ƙafa."

Ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ki tura wa mutumin nan ko da hoton fasfonki.

Wasiƙar asibitin da ejan zai "haɗo" daga Najeriya ta bogi ce. In jami'in biza ya gano, ana iya hana Inna shiga Ingila har shekara 10, kuma sunanki da adireshinki da na wurin aikinki suna cikin fayil ɗin. Maganar kyauta ma ba haka take ba. Ana duba kowa a sashen gaggawa ba tare da kuɗi ba, amma da zarar an kwantar da baƙo ko an ba shi ranar ganin ƙwararre, NHS, hukumar asibitocin gwamnatin Ingila, na cajinsa kashi 150 cikin 100 na farashi, kuma bashin fam 500 ko fiye kan sa a hana biza nan gaba. Na ga wani yaro da ya miƙa takardun albashinsa don a kawo babansa. Baban bai taka ko filin jirgi ba, daga baya aka ga takardun yaron a neman bizar wasu mutane biyu da bai taɓa jin sunansu ba. Hanyar zuwa jinya ta halal tana nan: wasiƙa daga likitan can, da shaidar kuɗin biyan asibiti daga aljihu. Ba ta buƙatar ejan.

Amma wa ma ya ce Inna na buƙatar wannan hoton? Ni ba likita ba ne, sai dai abin da kika kwatanta ya yi kama da tundurmi, kuma likita kan gane shi da ido da hannu. Zai tambayi tarihi, ya danna ƙaurin da yatsa, sannan ya gwada tsunkulo fatar da ke gindin yatsa na biyu. In fatar ta yi kauri ta ƙi ɗaguwa, wannan babbar alama ce cewa magudanun ruwan jiki sun lalace. A ƙasarmu yawanci tsutsar da sauro ke ɗauko ce ke jawo haka, kuma garin da ke bakin fadama da gonakin shinkafa ba ya rasa sauro. Ana gwada jini, wani gwajin ma da dare ake ɗiba don a lokacin 'ya'yan tsutsar ke fitowa. Kada ku yi mamaki in ba a ga komai ba. Sau da yawa tsutsar ta mutu tuntuni, ɓarnarta ce ta rage.

Hoton farko da ya dace shi ne sikanin jijiyoyin jini na ƙafa, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita, don a tabbatar ba gudan jini ne ya toshe hanya ba. Likita zai kuma duba zuciya da ƙoda da hanta, musamman in ɗaya ƙafar ma ta fara. Wannan ana fara shi a asibitin Sir Yahaya ko na tarayya a Birnin Kebbi, in ana son ƙwararre a tura ku asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Hoton da ejan ke tsoratar da ku da shi sunansa limfosintigirafi, wato hoton magudanun ruwan jiki. Ana yin 'yar allura a tsakanin yatsun ƙafa da wani ruwa mai ɗan tururin nukiliya, kyamara ta musamman ta bi shi na wasu sa'o'i, a ga ko ya hau zuwa matsematsi ko ya tsaya ya bazu a ƙarƙashin fata. Akwai sashen irin wannan awo a asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Likita ya fara tambaya kafin a ɗauki tsohuwa a hau hanya. Akwai kuma na koren rini da ake haskawa a ga magudanun da ke kusa da fata, akwai na MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Duk ana neman su ne in an rasa gane musabbabin kumburin, ko ana shirin tiyata. Babu wanda ke saɓe kumburi a cikinsu.

Abin da ke hana ƙafar ƙaruwa kin fi kowa iya shi, don shi ne aikinki. Wanki da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, a tsane da tsumma mai laushi har cikin lanƙwasar fata da tsakanin yatsu, inda ƙaiƙayi ke tsaga fata ƙwayar cuta ta shiga. Zazzaɓin nan daga nan yake zuwa, kuma kowane tashinsa ƙara lalata ƙafar yake yi. In ya zo a tafi asibiti a ranar. A ɗora ƙafar kan matashi in ta kwanta, ta riƙa motsa ta, a ɗinka mata takalmi daidai girmanta, ta kwana cikin gidan sauro. A hana wanzami tsaga ko ƙaho a wurin. In masu rabon Mectizan da albendazol, magungunan tsutsar tundurmi, sun zo unguwa, mutanen gida su karɓa.

Maganar Yaya kuwa, bai kyauta ba. Wanda ke kwana gida ɗaya da Inna shekara shida bai kai ta Sakkwato ba, ba shi da bakin yi miki gori da aikin da ke ciyar da gidan. In kika rasa izinin zama, kawu ba zai biya kuɗin makarantar ƙannenki ba. Kada ki yi masa rashin kunya, yayanki ne, amma ki ce masa a fili: "Yaya, zan biya mota da likita da sikanin, kuɗin kuma asibiti zan tura wa kai tsaye." Ki nemi takardar sakamakon a ɗauko miki hotonta. Sannan ki zaɓi mace ɗaya a gidan mai haƙuri, ki yanka mata ɗan abin sabulu duk wata, ki kira ta bidiyo ki nuna mata wankin ƙafar da hannunki har ta iya. Ki fara da Inna kanta, ki tambaye ta yaushe zazzaɓin ya zo mata na ƙarshe.